Gatse ba zagi ba ne, amma a san wanda za a nufa da shi

Tun shekaranjiya 'yan ɓangaren can na jam'iyya suke yawo da wani guntun bidiyo a Facebook, wai ga dattijonmu yana koya wa matasa bangar siyasa. Wanda ya halarci taron ya san ba haka aka yi ba. Dattijon ya ce wa matasa su ci gaba da riƙe gora a bayan motar ɗan takara, su karɓi taliya da 'yar dubu biyu ranar zaɓe, kada kuma su kuskura su tambayi mai gida ina nasa 'ya'yan suke karatu. Matasa suka fashe da dariya. Manyan da ke kan kujerun gaba kuwa sai yaƙe.

Jama'a, wannan ai gatse ne, kuma duk wanda uwa ta raina ya san shi. Idan ta ce maka "to, ci gaba da yawon dare, ai kai ka fi kowa", akwai wanda zai ce izini ta ba ka?

Abin da ya sa gatse yake ratsa matasa shi ne kunnuwanmu sun ƙoshi da nasihar gai da kai. Ku yi haƙuri, ku bi na gaba, ku ne manyan gobe. Mun haddace, har muna iya ƙarasa wa mai jawabi. Mai gatse kuwa sai ya ɗauko ainihin abin da manya suke aikatawa, ya sa masa rigar nasiha, ya miƙo maka. Kai da kanka za ka ga rigar ba ta dace ba, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a zuciyarsa.

Ba mu kaɗai muka san wannan dabara ba. A 1882 an gayyaci marubucin nan na Amurka, Mak Tuwen, ya yi wa matasa nasiha a birnin Boston. Sai ya shawarce su da su riƙa yi wa iyaye biyayya idan iyayen suna wurin, su kuma fara koyon ƙarya tun da wuri domin su ƙware kada a kama su. Da muryar malami mai wa'azi ya faɗa, bai murmusa a cikin kalmomin ba. Wa yake yi wa? Ba yaran ba. Manyan da ke wa'azin gaskiya da baki suna cin abinci da ƙarya, su ya tsokane wa ido.

Nan ne nake so masu hawa mumbarinmu su lura. Gatse sama yake harbi. Idan ka juya shi kan yaron da ya gama difloma shekara biyar yana tuƙa A Daidaita Sahu ta wani, ya tashi daga gatse ya koma cin fuska. Mun ga yadda ta kaya a Afrilun 2018, lokacin da marigayi Shugaba Buhari, Allah ya jiƙansa, ya yi magana a Landan kan matasan da ke son su zauna a ba su komai kyauta. Shi ba gatse ya yi ba, amma matasa suka mayar masa da gatse: kowa ya ɗora hotonsa yana kanikanci ko ɗinki ko noma, ya rubuta ga cima-zaune nan. Wannan ya fi kowace takardar martani zafi.

Kuma wallahi abin yi wa gatse bai ƙare ba. A watan Mayun 2018 aka sa hannu kan dokar da ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Madalla. Da 2022 ta zo, fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 a APC, miliyan 40 a PDP. An buɗe maka ƙofa, an ɗauke tsani.

Sai dai gatse yana da rauni ɗaya: da murya da fuska yake rayuwa. Aka yanke shi, aka cire dariyar zaure, sai ya zama umarni, kuma a ƙasar da ta ga 'yan daba a Kano da Kalare a Gombe da Sara-suka a Bauchi, wannan ba abin wasa ba ne. Don haka daga yau duk jawabin da aka yi a taronmu cikakkensa za mu ɗora a wannan shafi, kafin almakashin wasu ya riga mu.