Ba A Cin Bashin Barci

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu girma, ina so in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, musamman idan jarrabawa ta ƙarato. Duk wanda ya zaga unguwannin cikin birni da daddare a lokacin WAEC ko NECO, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Ƙofar Wambai zuwa gindin Dala, zai tarar da samari sun yi cincirindo a teburin mai shayi, kowa yana cewa a zuba masa Nescafe mai kauri, ba madara. Wani kuma zai ɓare goro ya cusa a kumatu, wani ya sayi lemon gwangwani irin wanda ake cewa yana ƙara kuzari. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, sai dai su a cikin gida suke dafa nasu. Manufar kowa ɗaya ce, watau a kori barci a kwana ana karatu. Ra'ayina shi ne wannan ciniki ne na faɗuwa, kuma ya kamata ɗalibi ya rabu da shi. Amma rabuwar tana da wuya, tana kuma da hanyar da ake bi.

Kafin wani dattijo ya ce yaro ya zo yana zagin goro, bari in fara da ba goro girmansa. Littafin tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyin fatauci har zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yanzu. Bayansa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gadon sarauta a 1463, ya kafa Kasuwar Kurmi. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi ta kai da kawowa da jakuna, wata da watanni a hanya, suna kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, suna dawowa da huhunan goro. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin ya shahara a cinikin gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai goro ya riƙa zuwa daga kudu cikin 'yan kwanaki, ya yi araha, talaka ma ya samu. Yau ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai an raba goro, har harshenmu ya cika da shi: goron gayyata, goron sallah, goron albishir. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a kori goro daga ƙasar Hausa. Maganata a kan yaro ɗan shekara goma sha shida ce, wanda ya mai da goro da kofi maganin barci.

To, mene ne a cikin waɗannan abubuwa da yake hana barci? Wani sinadari ne da ake kira kafeyin, wanda wani Bajamushe mai suna Friedlieb Runge ya fara tace shi daga 'ya'yan kofi a 1819. Shi ne dai a cikin goro, da ganyen shayi, da gahawa, da Nescafe, da lemon kuzari. Kai, sunan Coca-Cola ma, da aka fara haɗawa a birnin Atlanta na Amurka a 1886, rabinsa na biyu daga sunan goro aka samo shi. Yadda yake aiki kuwa shi ne, tun daga wayewar gari wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a cikin ƙwaƙwalwa, kuma taruwarsa ce take sanar da mutum cewa ya gaji. Kafeyin yakan je ya zauna a mazaunin wannan sinadari, ya hana saƙon gajiya isa. Watau gajiyar tana nan daram, an dai toshe bakin ɗan aiken ne kawai. Da ƙarfin kofi ya wuce, sai gajiyar da ta taru ta auko gaba ɗaya, sau da yawa a daidai lokacin da ɗalibi yake zaune a ɗakin jarrabawa da alƙalami a hannu.

Bari mu ɗan yi lissafi, tunda mu 'yan makaranta ne. Kofi ɗaya mai kauri yana ɗauke da kafeyin wajen miligiram 80 zuwa 100, shayi kuwa wajen rabin haka, goro babba ɗaya kuma yana iya kai ƙarfin kofi guda. Jikin mutum yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya kawar da rabin abin da aka sha. Wanda ya sha miligiram 100 da ƙarfe 10 na dare, da ƙarfe 3 na dare saura wajen 50 a jininsa, da ƙarfe 8 na safe kuma saura wajen 25. Ko ya kwanta, barcin ba zai yi nauyi ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a rana, mace mai ciki kada ta wuce 200, yara da matasa kuwa miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jikinsu. Ɗalibi mai nauyin kilo 50 ke nan iyakarsa 150, abin da bai kai kofi biyu masu kauri ba. Ku duba wanda ya sha shayi da safe, ya ci goro da la'asar, ya sha Nescafe biyu da dare, ku gaya mini ina ya tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar karatun kansa. Masana sun tabbatar cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take tsara abin da aka koya da rana, ta adana shi yadda za a iya tuno shi gobe. Likitocin barci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Wanda ya kwana yana haddace tarihi ko kimiyya ido biyu, ya yi kamar mai ɗibar ruwa da kwando: ya sha wahala, ya isa gida ba komai. Ga kuma faɗuwar gaba, da rawar hannu, da ƙwannafi ga wanda ya sha a kan yunwa. Shayi mai kauri a kan abinci yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfen da ake yin jini da shi, wannan kuwa abin lura ne ƙwarai ga 'yan'uwanmu mata.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, ai kakanninmu sun ci goro har tsufa, ba abin da ya same su. Za su ce kuma, ai malaman sufaye na ƙasar Yaman ne suka yaɗa shan gahawa a ƙarni na 15, don su sami ƙarfin raya dare da ibada. Duka gaskiya ne, kuma bincike bai nuna cewa kofi daidai gwargwado yana cutar da babban mutum mai lafiya ba. Amma dattijon da yake ɓantarar goro kaɗan kaɗan bayan ya ci tuwo, ya kwanta bayan lisha, ya kuma yi ƙailula da rana, ba ɗaya yake da yaron da jikinsa bai gama girma ba, wanda yake zuba cokali uku na Nescafe a rabin kofin ruwa don ya kai asuba. Wasu kuma za su ce, da rana gida cike yake da hayaniya, ga aike, ga Islamiyya, sai dare ake samun shiru da wutar lantarki. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, kuma a wuyan iyaye yake, zan dawo kansa. Amma uzurin bai canza yadda aka halicci jiki ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba a karanta a wata tara ba, kofi ba zai cusa shi a kai cikin dare tara ba.

Yanzu sai mu zo kan wahalar bari, domin a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Idan mutum ya saba shan kafeyin kullum, jikinsa yakan daidaita da shi, har ya zama sai da shi yake jin daidai. Ranar da ya rasa, sai jijiyoyin jinin kai, waɗanda kafeyin yake ɗan matsewa, su saki, jini ya ƙaru a cikinsu, kai ya ɗauki sara. Wasu masana biyu na Amurka, Laura Juliano da Roland Griffiths, sun tattara binciken da aka yi a kan wannan al'amari suka buga a 2004. Sun gano cewa alamun sukan fara bayan awa 12 zuwa 24 da bari, su yi tsanani a rana ta farko zuwa ta biyu, su ɗauki kwana 2 zuwa 9 kafin su wuce. Kimanin rabin masu bari sukan yi ciwon kai. Sauran alamun su ne kasala, da gyangyaɗi, da saurin fushi, da kasa tattara hankali, wani har da tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi kamar mai mura. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da wannan hali cikin littafinta na cututtukan da aka sani.

Mu a nan ba sai an kawo mana shaida daga Amurka ba. Kowa ya san yadda ranar farko ta azumi take a gidan da maigida yake cin goro. Tun kafin la'asar kai ya fara sara masa, yara kowa ya kama kansa, a ce yunwa ce ko ƙishirwa. Sau da yawa rashin goro da shayin safe ne babban dalili, shi ya sa bayan 'yan kwanaki abin yakan lafa ko da yake azumin yana nan. Wannan ma hujja ce mai ƙarfafa zuciya, domin ta nuna cewa ciwon baƙo ne, ba mazaunin gida ba.

Ga shawarata ga ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ta yi niyyar bari. Na farko, kada a yanke gaba ɗaya rana ɗaya. A rage kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana uku ko huɗu: mai shan kofi huɗu ya koma uku, mai cin goro guda ya koma kashi uku cikin huɗu, har a ƙare cikin mako biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa. Na biyu, a fara da yanke na dare, domin shi ne mai ɓata barci; bayan azahar kada a sha komai mai kafeyin. Na uku, a zaɓi lokaci. Kada a fara ana saura kwana uku jarrabawa. Hutun ƙarshen zango ya fi dacewa, ko kuma watan Sha'aban ga mai son ya shiga azumi da kai sakayau. Na huɗu, a cike gurbin da wani abu, domin rabin sabo na baki ne da hannu. Ga kunun gyaɗa, ga kunun tsamiya, ga zoɓo, ga ruwan citta da kanumfari ba tare da ganyen shayi ba; mai son tauna kuma ga aya da dabino. Na biyar, a sha ruwa da yawa, a ci abincin safe, a ɗan taka ƙasa da yamma.

Akwai gargaɗi biyu da bai kamata in tsallake ba. Wasu ƙwayoyin ciwon kai da ake sayarwa a kemis akwai kafeyin a cikinsu, saboda haka a karanta jikin kwali, kada a kori abu ta ƙofa ya dawo ta taga. Kuma kada wanda ya bar kofi ya karɓi wata ƙwaya daga hannun aboki da sunan maganin kasala ko ƙarin ƙwazo. Wannan gudun gara ne a faɗa zago. Na biyu, ba kowane ciwon kai ne na rashin kofi ba. Idan ya zo da zazzaɓi, ko amai, ko sandarewar wuya, musamman a lokacin zafi da sanƙarau yake yawo, ko kuma ya wuce kwana goma bai sauka ba, sai a garzaya asibiti.

Iyayenmu, ga roƙonmu gare ku. Yaron da yake ƙoƙarin barin kofi zai yi 'yan kwanaki yana ɓacin rai da kasala. A yi masa haƙuri, kada a ce lalaci ne. A ware wa ɗan jarrabawa awa biyu da rana ko bayan sallar asuba, a ɗauke masa aike da talla a wannan lokaci, domin kada dare ya zama shi kaɗai ne lokacin karatunsa. Kada kuma a yaba wa yaro don an ga fitilarsa a kunne har ƙarfe uku na dare; a tambaye shi abin da ya riƙe daga karatun. Malamanmu ma suna da rawar takawa, ta hanyar fara bitar darussa da wuri, maimakon a tara wa ɗalibai komai a makon ƙarshe.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, an ce sabo turken wawa. Wanda ba ya iya buɗe littafi sai ya sha wani abu, ya ɗaura wa kansa igiya tun yana yaro, kuma kuɗin tararsa kullum suna tafiya a kan abin da yake rage masa barci. Kwana tara na ciwon kai ba su kai shekara tara na dogaro ba. Mu bar wa dattawa goronsu na zumunci, mu kuma mu riƙe karatun rana da barcin dare. Allah ya ba mu lafiya da ilimi mai amfani, ya sa mu ci jarrabawarmu, amin.