Ba kowane gyambon yatsa ba ne ɗan karkare

Akwai wata malama da muka koyar tare a wata lakwal a nan Diffa. Duk lokacin hunturu, da safe, sai ta kasa riƙe alli. Kan yatsunta ya yi sanyi ƙalau, ya koɗe, ya mutu, in jini ya komo kuma ya dinga zogi. Daga baya wani ɗan gyambo ya fito a kan manuniyarta, ya yi watanni bai rufe ba. Wasu suka ce ɗan karkare ne, wasu suka ce sammu. Da fari-fari ya fara bayyana a fatar wuyanta sai aka koma raɗa, ana cewa kuturta ce, har wasu iyaye suka so a sauya wa ƴaƴansu aji. Ni ma ban ce komai ba a lokacin, kuma har yau abin yana damuna.

Sai da ta je Yamai aka gane ciwon. Sunansa sikilarodama. Garkuwar jiki ce take juya wa jikin baya, fata ta yi tauri, ƙananan hanyoyin jini su tsuke. Ya fi kama mata, yawanci tsakanin shekara 30 da 50, kuma ba a ɗaukarsa daga mutum. Koɗewar yatsu cikin sanyi, wadda likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862, ita ce takan fara zuwa, wani lokaci shekaru kafin sauran alamomi. Kusan rabin masu ciwon suna yin gyambon yatsa. Bambancinsa da kuturta a fili yake: mai kuturta ba ya jin zafin raunin, wannan kuwa hana barci yake yi.

A Turai akwai na'urorin da ke nuna gudun jini a yatsa, wata da hasken leza, wata da auna ɗumin fata, don a ga ko gyambon yana samun jinin da zai warke. Ban ce a kawo mana su gobe ba. Amma gwajin farko bai kai haka tsada ba. Ana ɗiga mai a gindin farce, a duba da madubin ƙara girma, sai a ga ko hanyoyin jinin sun kumbura, sun fashe ko sun ragu. A baƙar fata ganin ya fi wuya, yana son hannun da ya saba. To a horar mana da hannun. Me zai hana a samu ko da mutum ɗaya a babban asibitin jihar Diffa da ya iya wannan, maimakon tafiyar sama da kilomita 1,300 zuwa Yamai?

Masu bincike a Jami'ar Manchesta ta Ingila sun gwada sa marasa lafiya su riƙa ɗaukar hoton gyambonsu da waya don a bi yadda yake warkewa. Wannan kam muna da kayan aikinsa a aljihu. A ɗauka a wuri guda, cikin haske guda, a nuna wa likita. In yatsun sun koɗe da asuba a ɗauka nan take, domin kafin a isa asibiti rana ta ɗaga, launin ya komo.

Ina tunanin matan da ke wanki a bakin Komadugu cikin Janairu, da masu tsinkar tattasai da sassafe. Wadda ta ga wannan alama ta sa safar hannu, ta ɗumama ruwa, ta nisanci hayaƙin taba, kada ta bari a tsaga mata yatsa. Akwai magani mai buɗe hanyoyin jini, irin nifedifin da ake ba masu hawan jini, amma likita ne zai rubuta, don ciwon yana iya taɓa huhu da ƙoda, sai an duba su ma.

Malamar tana nan tana koyarwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu wani ɗalibi ne yake yi mata rubutun allo a darasin farko.