Malam, faɗa wa ɗalibanka ɓangaren da kake

Babu malamin tattalin arziki da ba shi da ɓangare. Duk wanda ya tsaya gaban aji ya ce shi alƙaluma kawai yake koyarwa, babu ruwansa da aƙida, yaudarar 'ya'yan mutane yake yi. Abin ya fi yi mini ciwo idan yaron daga Isa ko Sabon Birni ya fito, inda sai uba ya sayar da buhun gero ko tunkiya kafin a haɗa kuɗin rajista, da fatan yaron zai dawo da ilimin da zai fassara musu ƙuncin da suke ciki.

Ɗan ƙanwata yana karatun tattalin arziki a wata jami'a a nan Arewa. Da ya zo hutu ya nuna mini takardar jarrabawarsu. Tambaya ta farko cewa ta yi a kawo alfanu biyar na cire tallafin man fetur. Ba a ce a auna riba da hasara ba, ba a tambayi wa ya ci moriya wa ya kwana ciki ba. An riga an yanke hukunci a cikin tambayar, aikin ɗalibi ya sa hannu. Na ce masa me ya hana ka rubuta abin da idonka ya gani? Ya ce, "Kawu, in ka saɓa wa takardun da malam ya raba, sai ka maimaita kwas ɗin."

Ga abin da idonsa ya gani. Ran 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A ƙauyukanmu babur shi ne motar asibiti, shi ke kai mai naƙuda, shi ke kai albasa kasuwa, kuma injin ban-ruwa a fadamar Gulbin Rima fetur yake sha. Mai goyon bayan cire tallafi yana da hujjarsa: kuɗin ya yi wa gwamnati nauyi, ana satar su, ana kuma fasa-ƙwaurin man zuwa Nijar ta wannan iyakar tamu. Hujja ce mai ƙarfi, ya kamata a koyar da ita. Amma a koyar da ita a matsayin matsayar wasu masana, wadda wasu masanan suka ja da ita. Ba wahayi ba ce.

Darasin farko da ake ɗora wa yaro shi ne farashi yana fitowa daga haɗuwar buƙata da wadatar kaya. A ƙarƙashin wannan darasi akwai sharuɗɗan da malam ba ya tsayawa a kansu: mai gona ya mallaki gonarsa, hanya a buɗe take, akwai hukumar da ke hana ƙwace. A gabashin Sakkwato ƙauyuka na haɗa wa 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake haɗawa kafin a yi girbi. Sunan ɗan bindiga Bello Turji ya fi na kowane jami'in tara haraji tasiri a kan abin da manomi zai kai gida. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. A 2021 gwamnati da kanta ta katse layukan waya ta rufe kasuwannin mako. Yaron da ya taso cikin wannan za ka ce wa a bar kasuwa ta gyara kanta, in ya ɗaga hannu ya yi tambaya ka ce masa wannan siyasa ce? Wace kasuwa?

Daga nan ake gane malam: abin da ya kira kimiyya da abin da ya kira siyasa. A duba littattafan da ya ce a karanta, da sunayen da ba ya ambata sai zai yi musu ba'a. Wani malamin, tallafi kullum a bakinsa ɓarna ne, amma sassaucin haraji ga manyan kamfanoni ƙarfafa gwiwa ne. Na ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba. Akwai malamin da duk cutar Nijeriya IMF ce da Bankin Duniya, gwamnati kuwa in ta sa hannu magani ne. Irinsu sun yi tafi da Buhari ya rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 don kare noman shinkafa, ba su tambayi Bagobirin da danginsa da kasuwarsa ke Tsibiri da Maraɗi yadda ya kwana ba.

Ba cewa nake a rufe wa malamai baki ba. Mun ga inda wannan hanya ta kai. Bayan kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello a Mayun 1986, kwamitin Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba a biya su su koyar ba, a 1988 kuma gwamnatin Babangida ta kori malami Patrick Wilmot daga ƙasar. A wannan zamani ne aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, bayan muhawarar 1985 da 'yan ƙasa suka ƙi bashin IMF. Yusufu Bala Usman a Zariya da Bade Onimode a Ibadan sun yaƙi wannan tsari a fili, Adebayo Adedeji kuma ya fito da madadinsa a 1989 daga Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kana iya ƙin ra'ayinsu, amma ba su taɓa ɓoye inda suka tsaya ba. Ɗalibi ya san da wa yake jayayya. Yau ɗalibai nawa ne ke gama digiri ba su taɓa jin sunan Onimode ba?

Ko a inda aka rubuta littattafan da malamanmu ke haddacewa ba a ɗauke su ayoyi ba. A 2011 ɗalibai sun fice daga ajin Greg Mankiw a Harvard suna zarginsa da karkata. A 2013 ɗaliban Manchesta a Ingila suka tsaya kai da fata sai an koyar da su mazhabobi fiye da ɗaya, tunda wadda ake koya musu ba ta hango rikicin tattalin arzikin 2008 ba. Mu kuma muna da namu gadon. Shehu Usmanu ya yi rubutu a kan jangali da harajin zalunci a Kitabul Farƙi, kuma kufan Alkalawa, tsohon birnin Gobir, a ƙasar Sabon Birni yake. Muhawarar wa ke karɓar haraji, da wane haƙƙi, ta haura shekara 200 a wannan ƙasa.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Ranar farko malam ya faɗa wa aji mazhabarsa, ya kawo hujjar abokan hamayyarsa da ƙarfinta, ba a gurgunce ba. Maki ya bi ingancin hujja ko da ta saɓa masa. Shugabannin sassa da masu duba jarrabawa daga waje su ma da nasu laifin, don ta gabansu tambaya irin waccan ta cire tallafi ke wucewa su sa mata hannu. Su mayar wa malam da ita ya sake rubutawa kafin ta isa ɗakin jarrabawa.