MU LEƘA DUNIYA: Ƙayar Da Ba Ta Tsare Mai Ita Ba

A wannan mako za mu ƙetare teku mu duba halin da wani tsiro mai ƙaya yake ciki, wanda ake kira kaktus. Wanda ya gan shi zai ɗauka ƙyarana ce ko tinya irin tamu, amma kama ce kawai, ba dangi ba ne. Asalinsa nahiyar Amurka ne, kuma ƙasar Meziko ta fi kowace ƙasa yawan ire-irensa.

Allah Ya hore wa tsiron nan jure fari da zafin rana, ga ƙaya ta tsare shi daga dabbobi. Abin da ya gagare shi shi ne ɗan Adam. A shekarar 1975 aka fara aiki da yarjejeniyar CITES wadda ta sa ido kan cinikinsa tsakanin ƙasashe. Duk da haka, binciken ƙungiyar IUCN na 2015 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na ire-irensa 1,478 da aka duba suna fuskantar ƙarewa, saboda share daji don noma da kiwo, da kuma satar da ake yi don masu adon gida.

Ga misali. A hamadar Atakama ta ƙasar Cile akwai wani iri mai suna Copiapoa, wanda hazon da ke tasowa daga teku shi ne ruwan shansa. Yakan shekara da yawa kafin ya kai girman dunƙulen hannu, amma cikin ɗan lokaci ɓarawo zai tone shi. A 2020 'yan sandan Italiya suka kama kaktus fiye da 1,000 da aka sato daga can, a 2021 aka mayar da 844 Cile. To, mayarwa ƙasarsu daban, mayarwa kan dutsen da kowanne ya tsira daban.

Wani zai ce, ai tun da ana renonsa a tukwane ba zai ɓace ba. Sai mu tuna masa da Echinocactus grusonii, mai ƙaya ruwan zinariya. Ya cika lambuna a duniya, amma a gidansa Meziko madatsar ruwa ta Zimapan ta nutsar da babban yanki na mazauninsa a shekarun 1990. A daji ƙwari suna shan furensa, suna ɗaukar masa iri. A tukunya kuwa ado ne kurum.

Saboda haka maganin yana can inda tsiron ya fito: a keɓe wuraren, a sa mazauna wurin cikin tsaro, don da ɗan gari akan ci gari. Mai saye kuma ya nemi wanda aka shuka daga iri, domin ba don mai saye ba, da ɓarawo bai sha ƙaya ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.