Filin Manoma: Tsiron Da Ke Fara Aiki Daga Ƙarƙashin Ƙasa

A tsakiyar Amurka akwai wani makeken filin ciyawa wanda a zamanin da ya miƙe tun daga kudancin Kanada har Teksas, garkunan ɓauna suna kiwo a cikinsa. Bayan da maƙerin nan John Deere ya ƙera garmarsa mai santsi a 1837, wadda laka ba ta manne mata, sai baƙi Turawa suka dinga kifar da filin suna shuka masara da alkama. A Jihar Ayowa abin da ya rage yau bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. A tsakiyar shekarun 1930, lokacin da guguwar ƙura ke kwashe ƙasar gonaki, Jami'ar Wiskonsin ta soma gwada mayar da wata tsohuwar gona dawa kamar yadda take tun asali.

Cikin tsire-tsiren da ake mayarwa akwai wani mai farin fure da masana ke kira Dalea candida. Dangin wake da gyaɗa ne, watau duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ya ga 'yan ƙulle-ƙullen nan a saiwarta ya san sirrinsa. A cikinsu wasu ƙwayoyin halitta ke kama sinadarin nitirojin daga iska, ciyawar da ke maƙwabtaka da shi ta sami taki ba da ko kwabo ba. Tsawonsa bai cika wuce ƙafa uku ba, amma saiwarsa takan nutsa ƙafa biyar, shi ya sa fari ba ya razana shi. Furensa ƙanana ne a jikin 'yar zangarniya, suna buɗewa daga gindi zuwa sama tsakanin Yuni da Agusta, ƙudan zuma na ta zarya. Tsuntsaye su ci iri, barewa da zomo su ci ganye. 'Yan asalin ƙasar kuwa, ƙabilar Ponka suna tauna saiwar don daɗinta, ƙabilar Pawni suna yin tsintsiya da karan.

Wahalar tana wajen shuka. Ƙwayar irin tana da ɓawo mai tauri, sai an kankare ta da takarda mai yashi irin ta kafintoci, kana a binne ta sama-sama, kamar rubu'in inci, a fili mai rana wanda ruwa ba ya kwanciya. Ba ya son dashe in ya girma, saboda doguwar saiwar nan. Shekarar fari mai lambu ba ya ganin kome sai 'yan tsirarun ganye, alhali kuwa aiki yana can ƙasa. Fure sosai sai shekara ta biyu ko ta uku. Nan ne da yawa ke karaya, su nome wurin, su koma ga furannin kanti. Abin da ake bukata kawai shi ne a riƙa sassabe ciyayin da ke neman rufe shi, a kuma tsare shi daga zomaye.

Daɗinsa ga dabbobi shi ne kuma ajalinsa. Shanu suna zaɓensa, don haka makiyayar da aka matsa wa kiwo yana cikin na farko da ke ɓacewa daga cikinta. A 1988 majalisar Ayowa ta kafa asusu na musamman domin shuka tsire-tsiren asali a gefen hanyoyin mota, inda garma ba ta zuwa, shanu kuma ba sa kiwo.