Ƙarar cikin mota: abin da direbobin hanyar Boɗinga da Shagari suka raina

Duk wanda ya shiga motar haya daga Sakkwato zuwa Shagari ya san inda hira ke yankewa. Da an wuce Boɗinga, direba ya samu miƙaƙƙiyar kwalta ya taka totur, sai iska ta fara fito ta gefen ƙofa, taya na gurnani ta ƙasa, but ɗin da aka ɗaure da igiya yana ta bugawa. Mai amsa waya ya toshe kunne ɗaya yana ɗaga murya. Shi kuwa direba maganinsa guda ne: ya ƙure rediyo.

An saba ɗaukar wannan a matsayin halin tafiya, wai mota mai shiru sai ta masu kuɗi. Kuskure ne. Fasinja zai sauka ya manta, amma direba jigila yake yi tun safe har magariba. Masana lafiyar ma'aikata sun yi ittifaki cewa zama cikin ƙara mai ƙarfin desibel 85 na awa takwas a kullum yana cinye ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Kafin a kai nan ma, ƙara na kawo gajiya da ciwon kai ga mutumin da rayuka ke hannunsa.

Abin da ya fi tsoratarwa shi ne yadda hayaniya ke rufe bakin mota. Mota takan yi magana kafin ta ba da matsala. Boris ɗin ƙafa idan ya fara mutuwa yakan yi wani kuka da ke ƙaruwa da gudu, ya sauya idan an karya kwana. Tayar da ta yi ƙululu takan riƙa bugawa a jere. Direban da iska da rediyo suka cika wa kunne ba zai ji ko ɗaya ba, balle hon ɗin tirelar da ta taho a bayansa, a hanyar da manyan motoci ke bi dare da rana zuwa Tambuwal da Jega har kudu.

Gyaran kuwa bai kai tsadar da ake zato ba. A fara da robar ƙofa. Zafin Sakkwato, wanda ke haura digiri 40 a bazara, yana busar da ita ta tsattsage. Gwajin ba ya buƙatar bakanike: a sa takardar kuɗi a bakin ƙofa a rufe, sannan a ja. In ta zare ba gardama, robar ta gama aiki, kuma ta nan ƙurar hunturu ke shiga. Haka ramukan da masu wayarin ke hudawa tsakanin inji da wajen ƙafar direba su bar su a buɗe, ƙaramar roba ta isa ta toshe su.

Sai taya. Yawanci na hannu ake saye, huɗu kowace da irin zanenta, ga mai faci na ba da iska da bugun ƙarfe maimakon geji. Adadin iskar da ya dace galibi yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Shekarun taya kuma suna gefenta, lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ta taurare, ga ƙara ga haɗarin fashewa a kwalta mai zafi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ko masu na'urar sanyaya mota sun koma sauke gilashi, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai sauke gilashi ɗaya tak, musamman na baya, shi ke kawo bugun nan da ke dukan dodon kunne. A ɗan sauke wani a ɗaya gefen, zai lafa.

Akwai shimfiɗu na musamman da ake mannawa a cikin ƙofa da ƙarƙashin kafet don shanye ƙara. Suna aiki, amma wanda ya saye su alhali robarsa a yage take ya zubar da kuɗinsa.

Maganin da ba a biya shi ne ɗaga ƙafa, domin ƙarar iska tana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 80 a awa ga tasi da bas a babbar hanya irin wannan. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tasoshin Boɗinga da Shagari suna ganin kowace mota kafin ta yi lodi. Duba robar ƙofa da lambar taya ba zai ɗauke su minti biyu ba, kuma ya kamata ya zama sharaɗin shiga layi.