Sharhi: Kasuwar Cikin Waya da Adon Masu Bi

Kirsimeti da Ista, bikin aure da taron Zumuntar Mata, su ne lokutan da iyalan masu bi suka fi kashe kuɗi a kan sutura. A dā uwargida takan shiga Kantin Kwari a Kano, ko babbar kasuwar Kaduna, ko Taminus a Jos, ta taɓa atamfa da hannunta, ta yi ciniki, sa'an nan ta kai wa tela. Yanzu kuwa kasuwar ce ta biyo ta har cikin ɗaki. Jaka da takalmi, agogo da tabarau, sarƙa da 'yan kunne, duk suna jere a cikin wayar hannu dare da rana, kuɗi kuma yana fita ba tare da an ƙirga shi da hannu ba. Ya kamata ikilisiya ta fahimci yadda wannan kasuwa take aiki, gama 'ya'yanta ne masu saye, waɗansu kuma cikinsu ne masu hasara.

Bari mu soma da tarihin abin a taƙaice. A shekarar 2012 aka kafa Jumia da Konga a Legas, su ne suka koya wa 'yan Nijeriya da yawa sayen kaya ta intanet. Bayansu sai dubban ƙananan 'yan kasuwa suka buɗe shaguna a Instagram da Facebook da WhatsApp, ba su da rumfa, sai hoto da lambar asusun banki. Daga baya manyan kamfanoni masu tushe a ƙasar Sin suka cika duniya da kaya masu arha: Shein, wanda ya shahara da tufafi da kayan ado, da Temu, wanda ya fara aiki a Amurka a 2022, ya kuma iso Nijeriya a ƙarshen 2024.

Ba za a yi musun amfanin abin ba. Malamar asibiti da ke aiki a ƙauye tana iya samun takalmin da babu shi a kasuwar garinsu. Gwauruwa mai ɗinka jakunkuna a Kafanchan tana iya sayar wa wanda ke zaune a Abuja ba tare da ta biya kuɗin haya ba. Matasa da yawa cikin ikilisiyoyinmu da wannan sana'a suke biyan kuɗin makaranta. Saboda haka ba muna cewa a guje wa kasuwar ba ne. Abin da muke cewa shi ne, ta ɗauke abubuwa uku da suke tsare mai saye a tsohuwar kasuwa, wato lokacin tunani, da taɓa kaya, da fuskar mai sayarwa.

Na fari, lokacin tunani. Mai zuwa kasuwa da ƙafa yana da kuɗin mota da zai biya, da rana da za ta doke shi, da ciniki da zai ja. Kafin ya gama, zafin sha'awa ya ragu. Shagon waya an gina shi ne domin kada sha'awar ta huce. Za ka ga agogo yana ƙirga mintocin da suka rage kafin rangwame ya ƙare. Za a ce maka saura guda biyu kaɗai. Za a ce in ka ƙara kaya kaɗan, za a kawo maka kyauta ba kuɗin aike. Nan ne kayan ado ƙanana suke aikinsu: wadda ta shiga domin riga ɗaya takan fito da ɗamara da zobe da abin wuya, domin kowannensu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma da kaɗan-kaɗan tulu yake yoyo har ya bushe.

Shi kansa rangwamen ba kullum yake gaskiya ba. A watan Yuli na 2025 hukumar kare masu saye ta ƙasar Faransa ta ci Shein tarar Yuro miliyan 40, bayan bincikenta ya nuna cewa fiye da rabin kayan da aka yi tallarsu da sunan ragi, ba a rage musu kome ba, waɗansu ma ƙarin kuɗi aka yi musu. In haka ta faru a ƙasar da hukumominta suke sa ido sosai, ina ga mai saye a nan? Littafin Karin Magana sura 11 ya faɗi matsayin Ubangiji game da ma'aunin algus. Tsohon farashi na ƙarya da aka ja wa layi, shi ma mudu ne mai lanƙwasasshen gindi.

Na biyu, taɓa kaya. Hoto ba ya nuna kaurin yadi, ba ya nuna ko fata ce ko roba, ba ya nuna ko sarƙa za ta koɗe bayan mako biyu. Kowa ya ji labarin wadda ta sayi riga kamar ta amarya a hoto, aka kawo mata abin da bai fi gidan sauro ba. Wannan abin dariya ne in kuɗin ba naka ba ne. Amma akwai wanda ya fi shi nauyi. A 2024 hukumomin birnin Seoul da na kwastan a Koriya ta Kudu sun gwada kayan ado da na yara da aka saya daga irin waɗannan manyan shaguna, suka tarar da dalma da waɗansu sinadarai masu guba fiye da abin da doka ta yarda nesa ba kusa ba a cikin waɗansunsu. Mu a Arewa mun san abin da dalma take yi wa yaro, gama ba mu manta da ɗaruruwan yaran da suka mutu a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba. Uwar da za ta saya wa jaririya 'yan kunne ko munduwa mai arha, ta tuna cewa kome yaro ya samu baki yake kai shi.

Na uku, fuskar mai sayarwa. Ɗan kasuwar da kika sani, in ya cuce ki, kin san rumfarsa, kin san sarkin kasuwa. Mai shagon hoto kuwa, in ya karɓi kuɗi ya rufe layi, sai dai a bar wa Allah. Duk da haka ba a bar mai saye haka kawai ba. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum ikon mayar da kayan da bai sami damar dubawa ba kafin a kawo, idan ba su yi daidai da abin da aka kwatanta masa ba. Amma doka ba ta aiki sai da shaida. A ajiye hoton tallar, da saƙonnin ciniki, da takardar biya. Inda akwai damar biya bayan an kawo kaya, a zaɓe ta.

Akwai kuma fuskar da ba mu gani ko kaɗan, wato ta wanda ya ɗinka kayan. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rushe a Bangladesh a kan masu ɗinka wa manyan kamfanonin Turai da Amurka tufafi, mutum fiye da 1,100 suka mutu, yawancinsu mata. Arha ba ta faɗowa daga sama. Wani ne yake biyan cikon. A gida ma mun biya namu. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007, iyalai masu yawa na Kakuri da kewaye, har da membobin ikilisiyoyinmu, suka rasa abin yi. Ba intanet ce ta kashe masaƙun ba. Rashin wuta da fasa-ƙwauri da kayan waje masu arha ne. Amma wanda ya rage a layin yanzu shi ne tela, da baduku, da mai saƙar duwatsun wuya, waɗanda muke zama benci ɗaya da su ranar Lahadi. Kuma tun da darajar Naira ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a 2024, kowace jaka da aka yi oda daga waje tana cin rabo mai girma daga albashin da mafi ƙanƙantarsa Naira 70,000 ne.

To, mene ne na ikilisiya a ciki? Littafi Mai Tsarki bai la'anci tufafi masu kyau ko cinikinsu ba. Lidiya mai sayar da shunayya ce, Dokas kuma da allura da zare ta yi wa gwauraye hidima. Gargaɗin Manzo Bulus a 1 Timoti sura 2, da na Bitrus a wasiƙarsa ta fari sura 3, a kan inda mutum ya sa darajarsa ne. Yaƙub sura 2 kuwa ikilisiya kanta ya tsauta wa, saboda wurin zaman da take ba mai zoben zinariya da wanda take ba matalauci. Wannan ya nuna laifin ba na mata kaɗai ba ne, kamar yadda ake yawan yi musu wa'azi. Maza ma suna da agogonsu da takalmansu, shugabanni kuma suna da kujerun gaba da suke rabawa.

Don haka gyara ya fara daga tsarinmu. Kwamitin biki da ya sa anko mai tsada, ya haɗa da jaka da takalmi da ɗankwali iri ɗaya, ya sani yana tura waɗansu ga masu ba da rance ta waya, waɗanda aka san su da aika wa dangi da fasto saƙon tonon asiri in an makara biya. A sauƙaƙa anko, a bar wanda ba shi da hali ya zo da abin da yake da shi ba tare da kunya ba. Kayan ƙungiya, na mawaƙa ko na Zumuntar Mata, a ba telolin da ke cikin jama'a su ɗinka. Matasan da suka iya waya su keɓe yamma ɗaya su koya wa iyaye yadda ake gane shagon ƙarya. 'Yan'uwa masu sayarwa ta intanet kuwa, hoton da za ku sa ya zama na ainihin kayan da ke hannunku, gama shaidarku ce. Kowane gida kuma ya ɗauki wannan ƙa'ida mai sauƙi: abin da aka gani da dare, kada a biya kuɗinsa sai gari ya waye, miji da mata sun yi shawara. Idan agogon rangwame ya ƙare kafin safiya, wani zai fara gobe.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.